Lambar Litinin

Duk Litinin, kafin kokon Iya ya huce,
wayata kan yi ƙara ƙarƙashin matashi.
Jerin ƙwararrun matan ƙwallon lambu ya fito.
Iya kan leƙo: "Kubura, nawa ne yau?"
kamar mai tambayar kwanon gero a Dawanau.

Ɗari da arba'in da biyu, Iya.
"To, an samu ƙari, madalla."
Na gaji da gaya mata
wannan wasa ne da ƙarami ke cin babba.
Sai in ce amin, in kurɓi kokona.

Na taɓa zama ta talatin da takwas.
Wata bakwai ina kan wannan matakala,
har mai shayin Kwanar Jaba ya daina karɓar kuɗina,
har kawun da ya ce sanda ba ta mace ba ce
ya nemi mu yi hoto a gidan suna.
Sai wuyan hannuna na dama ya fara magana.
Ba ya ihu, raɗa yake,
daidai sanda ta kai ƙololuwa,
sai ƙwallo ta karkace
kamar akuyar da ta hango dusar maƙwabta.

Sittin. Tamanin da ɗaya. Ɗari.
Ba wadda ta ture ni.
Na nemi wadda zan zaga, ban samu ba.

A filinmu na Bompai ba ciyawa a bakin rami,
yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai,
Baba Nomau ke jan buhu ya lallashe shi.
A nan na fara ganin Tasalla,
'yar Birget, silifa ɗaya ja, ɗaya shuɗi,
tana tsamo ɓatattun ƙwallaye daga kwata,
ta wanke, ta sayar mini, uku ɗari biyu.
Rabinsu nawa ne,
na san alamata, ɗigo biyu na jan farce.
Na saya duk da haka.

Na ara mata sanda mai lamba bakwai
wadda ta kusa kai mata haɓa.
Na ce, kar ki ɗaga kai,
ƙwallo ba ta son mai leƙe.
Ta buga. Baba Nomau ya saki buhunsa.

Cikin Sha'aban ɗin bara muka haɗu a jerin,
ni ta casa'in, ita casa'in da ɗaya.
Mako guda tak muka yi maƙwabtaka,
motoci biyu a gadar Ƙofar Nasarawa,
wannan ta nufi cikin gari, waccan ta nufi waje,
ko oda ba mu yi wa juna ba.

Zan yi ƙarya in na ce ban ji komai ba.
Kwana biyu wayata a kashe,
na ce da Iya ba wuta ne.
Na ƙirga ƙwallayen da ta taɓa sayar mini,
kamar bashi ne da zan iya bi.

Jiya da dare ta kira daga wani filin jirgi,
muryarta na rawa, lasifika na surutu a bayanta.
"Anti, na sauka uku.
Daga hamsin da ɗaya zuwa hamsin da huɗu."
Uku!
Dariya ta taso mini har maƙogwaro,
na mayar da ita da yawu.
Na ce, kin ci abinci?
Ta ce a'a.
Na ce, na kalli bugunki a rami na goma sha shida,
kina ɗaga kai.
Ta yi shiru. Ta ce, "Na sani."

Yau na riga ladanin unguwarmu tashi.
Na ɗaure hannun da tsohon kallabin Iya,
na hau a-daidaita-sahu da jaka tsakanin gwiwoyina,
direba na tambaya ko bindigogi ne.
Baba Nomau ya riga ni, yana jan buhunsa,
bai taɓa tambayata lambata ba.
Yashi sumul, ba sawun kowa.
Na ajiye mai ɗigo biyu,
taku tara zuwa rami.
Hannun ya fara raɗarsa.
Na ce masa, bari in gama tukuna.