Ɗaki na Huɗu

Jikana Iolo ya dawo da jiƙaƙƙen littafi,
don ruwan Aberaeron ba ya neman izinin kowa.
Ya ce, Kaka, an ce mu raba kalmomi biyu,
empty da vacant.
Ni dai a ganina duk kanwar ja ce.

Na ce, ajiye fensirin, biyo ni.

Na miƙa masa butar shayi.
Ya jijjiga, ya leƙa da ido ɗaya,
ko ɗigo babu, sai ganye kwance a gindi.
Na ce, ga empty a hannunka.
Abin ciki ya ƙare, magana ta ƙare,
buta ba ta sauraron ƙafar kowa.

Muka hau bene, gwiwata na ƙirga matakala,
goma sha uku, ta ƙarshen mai kuka.
Na buɗe ɗaki na huɗu, mai kallon teku.
Ya ce, ai babu kowa.
Na ce, duba da kyau.
Zanin gado a goge, tawul biyu a ninke,
sabulu bai taɓa ganin ruwa ba,
makulli na lilo a jikin ƙofa.
Shekara talatin da takwas ina gyara ɗakin nan
domin mutumin da ban san sunansa ba.
Wannan shi ne vacant:
babu kowa, amma an share hanya.

Ya rubuta, harshe a gefen baki,
ya rufe littafi, ya tsere wurin ƙwallo.

Abin da ban gaya masa ba
shi ne Laraba.

Kowace Laraba nakan shiga bas ɗin ƙarfe goma
zuwa gidan kula da tsofaffi a Lampeter,
inda Emlyn ke zaune a bakin taga, bargo a cinya.
Mutumin da ke jin ciwon injin jirgi daga ƙararsa
tun kafin masunta su ɗaure igiya,
yau hannuwansa na kwance kamar safar da aka cire.
Ya dube ni, kallon ya wuce ta kafaɗata
ya tsaya a bango.

Wata ma'aikaciyar jinya, Sioned, yarinya mai kirki,
ta rubuta a takarda cewa idonsa vacant ne.
Da ta ga ina karantawa ta sunkuyar da kai,
ta fara neman gafara.
Na riƙe hannunta, na ce bar shi haka,
kada ki goge ko harafi.
Da ɗayar kika rubuta, da mun ɓata.

Ni mai gidan baƙi ce, 'yata,
na san ɗakin da aka rufe,
na san wanda mai shi ya fita shan iska.

Shi ya sa nake aske masa gemu,
in gyara wuyan riga, in shafa mai a goshi,
yadda nake wa ɗaki na huɗu ran Juma'a.
A watan Maris, sau ɗaya tak,
ina cikin taje masa kai ya ce,
Eluned, kin bar murhu a kunne?

Minti biyu ya yi, ya sake fita.
Bai bar saƙo ba.

Na dawo gida da yamma, na cika buta,
na juya allon taga ya fuskanci titi.