Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu saura na dare
na ji ƙarar faratansa a kan katako.
Ya je ƙofa, ya dawo, ya sake komawa.
Tizón, wanda ko girgizar ƙasa ba ta tashinsa daga barci,
ga shi tsaye, kai a sunkuye,
yana kakarin amai, ba abin da ke fita
sai 'yar farar kumfa.

Na shafa cikinsa.
Ya yi tauri kamar fatar ganga.
Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat
kamar naman kifin da nake gyarawa a bakin teku
tun ina budurwa.

A Valparaíso gidaje a rataye suke jikin tudu.
Mota ba ta san ƙofata ba.
Tsakanina da titi akwai matakala ɗari da goma sha bakwai,
nauyinsa kilo talatin da huɗu,
ni kuwa gwiwa ɗaya ce ta rage mini mai jin magana.

Sai na buga ƙofar Eliodoro.
Shekara uku ko gaisuwa ba ta haɗa mu,
tun ranar da ya kai ƙarata ofishin unguwa
wai haushin kare ya hana shi runtsawa.
Ya buɗe, daga shi sai singileti.
Ya dube ni, ya dubi bayana.
Bai ce uffan ba,
ya koma ya yayo bargon gadonsa.

Shi a gaba, ni a baya, Tizón a tsakiya yana lilo.
Na riƙa ƙirga matakalar da baki
don kada in ƙirga numfashinsa.
A ta sittin takalmina ɗaya ya fice, na bar shi nan.
Can ƙasa fitilun jiragen ruwa na rawa a kan teku,
ko a jikinsu.

Likita Painemal, yarinyar da na yi jika da ita,
ta ce tumbinsa ne ya murɗe
kamar tsumman da aka matse.
Ko a yanka yanzu, ko a yi ban kwana.
Ta faɗi kuɗin.
Daidai abin da na tara don sauya kwanon rufi
kafin ruwan watan Yuni.
Na sa hannu.
Ruwa dai ya daɗe da sanin hanyar ɗakina,
kuma ina da bokiti.

A kan benci Eliodoro ya miƙo mini shayi a kofin takarda.
Ya ce, matata ma ta irin wannan ƙofa aka shiga da ita.
Bai ƙarasa ba. Ban tambaya ba.
Muka zuba wa agogon bango ido
har sararin taga ya fara toka-toka.

Ta fito tana cire safar hannu.
Yana nan, in ji ta.
Sai a lokacin na ji sanyin siminti a tafin ƙafata.

Ɗinki goma sha tara.
Mazurarin roba a wuya, yana ta karo da ƙafar tebur.
Cokali uku na shinkafa da kaza, ba ƙari,
ko ya kafe ni da idanun nan nasa.
Na sauko da katifata ƙasa,
ina kwana da tafina a kan haƙarƙarinsa.
In ya yi nishi in farka.
In ya yi shiru, farkawar ta fi muni.

Kwana tara bai yi haushi ba.
Kowace safiya Eliodoro ya leƙo ta kan katanga:
yau ma shiru?

A dare na goma wata kyanwa ta bi ta kan rufi.
Tizón ya ɗaga kai, mazurari da komai,
ya saki haushi guda ɗaya, a dishe,
kamar tsohuwar ƙofa.

Ta bayan bango na ji bugu uku.
A bar mutane su yi barci!
Muryar na rawa, ban san ko dariya ce ba.

Can wajen asuba ruwa ya sauko.
Na tura bokitin da ƙafa
ba tare da na ɗauke hannuna ba.