Lanƙwasa Arba'in da Takwas

Shekara goma sha ɗaya Baba Emrys na kwance a ƙarƙashinta,
ƙafafunsa kaɗai muke gani,
kamar jar motar ta haɗiye shi ta rage saura.
Maƙwabta a Tregaron suka ce ta gama ganin kwalta.
Ranar da ta yi tari, ta yi gurnani, ta tashi,
karen gidan Pryce bai dawo ba sai da dare ya raba.

Kujera biyu ce kacal.
Bayanta ba ya cin akwati,
sai jaka ɗaya da muka danna da gwiwa.
Takalminsa na zuwa coci ya bari a bakin ƙofa
don sifana da galan ɗin mai su sami wurin zama.

Muka haye teku da tsakar dare.
A Faransa kowa na bin hannun dama,
sitiyarinmu kuwa ya ƙi barin inda ya saba,
saboda haka duk shingen biyan kuɗin hanya
ni ke miƙa hannu sama daga wannan zama na ƙasa-ƙasa
kamar wadda ta faɗa rijiya.

Dab da Reims lagireto ya fara huci.
Aurélien bakanike ba ya jin harshenmu, ba ma jin nasa.
Ya kara kunne a jikin inji, Baba ya kara nasa,
suka gyaɗa kai a tare.
Ko sisi bai karɓa ba.
Ladansa, a bar shi ya zagaya dandalin garin da ita sau ɗaya.
Sau uku ya zagaya.

A Jamus, inda aka cire wa titi linzami,
Baba ya taka totur har ƙasa.
Allura ta haura, itatuwa suka zama zare,
iska ta fizge hularsa ta tafi nata hutun.
Ya yi wata dariya
da rabona da ita tun kafin mu binne Mama.

Kwana na biyar, gindin dutsen Stelvio.
Hanya ta naɗe a jikin tsauni kamar igiyar da aka yar da fushi,
kowace lanƙwasa da lambarta.
Ya tsaya a gefe. Ya kashe inji.
Hannunsa na hagu a kan giya yana rawa,
ya danne shi da na dama, duka biyun suka kama.
Ya daɗe yana kallon sama.

"Nerys, zagayo."

Mutumin da ko gilashi ba ya bari in goge.

Arba'in da takwas. Arba'in da bakwai.
Ƙasa tana ja da baya, gidaje suna komawa ƙwayar gyaɗa.
A ta talatin da ɗaya ta mutu a hannuna,
masu babura suka yi layi a bayanmu suna jira.
Na ji shi ya cika baki da magana, ya haɗiye.
Can ya ce, a hankali,
"Kada ki kalle ni. Saurare ta. Ita za ta gaya miki."

Ta kuwa gaya mini.
Daga ta ashirin na daina ƙirga,
ƙafata ta koyi abin da kaina bai sani ba.

A ƙololuwa akwai ragowar ƙanƙara, ga shi watan Yuli ne,
ga mai gasa nama yana ta kiran ciniki.
Fitowar Baba daga kujerar nan ta ɗauki lokaci;
na juya baya kamar ina kallon gajimare.
Ya jingina da ita, inji na hucewa, ƙas, ƙas, ƙas.
Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.
"Kin ƙona mini kuloci."

Na jira ya miƙo hannu ya karɓi makulli.
Sai ya tambayi kuɗin naman.

Muna gangarawa Bormio da yamma
barci ya kwashe shi, baki buɗe,
kansa ba hula yana bin kowace kwana,
hannun nan na hagu a kan cinyarsa, shiru.