Ɓera a Teburin Radomil

A hawa na huɗu, a birnin Ostrava,
inda hayaƙin masana'antu ya lafa amma bango bai manta ba,
Radomil Vrba ya ture kwanon miya gefe,
ya shimfiɗa tsohuwar jarida,
ya buɗe kwali.

Guntayen roba ɗari shida da 'yan kai,
toka-toka, kamar ƙayar kifi bayan an watse.
Shekara arba'in yana wa taragu walda,
yau ɗan hantsaki ya fi ƙarfinsa.
Hannu na rawa, ido na cigiyar tabarau,
tabarau kuwa na bisa goshi.

Ɓera maƙeranta na asali suka raɗa mata.
Ɓera! Tan ɗari da tamanin da takwas,
tankar da gada ke ganinta ta durƙusa.
Biyu kacal aka haɗa, yaƙi ya ƙare ya bar su
kamar baƙon da ya iso an riga an kife tukunya.

Sarƙar ƙafa ƙwaya-ƙwaya yake jerawa,
gam a bakin tsinken sakace,
numfashi a riƙe, kamar mai ɗinkin jijiya.
Ƙyas! Wata ƙusa mai girman riɗi
ta yi tsalle, kafet ya haɗiye.
Ya durƙusa da tocila, gwiwa na ƙara,
ya tsinto maɓalli, ya tsinto ɓawon gyaɗa,
ya tsinto fil ɗin gashin Ludmila
da ta bar gidan bara waccan, a kafaɗar mutum huɗu.
Ya daɗe a ƙasan nan.
Ƙusar dai ba a gan ta ba.

Ran Laraba fenti: ja tukuna, irin na ɗanyen ƙarfe,
sai rawaya mai duhu, sai kore a karkace kamar sawun maciji.
Tsatsa daga garin alli,
laka daga tukar kofi da gam,
ya ɗora allura a wuta, ya tsaga mata tabon harsashi a ƙirji.
Ya ja baya, ya kanne ido ɗaya. Ta yi.

Ran Asabar Zdislava ta zo da giɓinta,
ta ɗora haɓa a gefen tebur.
"Kaka, wa ta kashe?"
"Ba kowa."
"Wane gari ta ci?"
"Ko ƙauye."
Ta sa ɗan yatsa kusa da tabon, ba ta taɓa ba.
"To wa ya harbe ta a nan?"

Burushi ya bushe a hannunsa.

Bai gaya mata ba, an taɓa kwashe ubansa zuwa wata maƙera,
ya dawo yatsu uku babu,
har ya mutu bai faɗi me ya narka ba.
Bai gaya mata ba, shi ya sa kantar nan tasa
ba ta ɗauke da ko ɗaya da ta ga fagen fama:
Kunkurun Ingila, da wata mai igwa kamar turken lantarki,
garken giwayen da ba su taɓa taka kowa ba.

"Ni ne," ya ce. "Da allura."
"Ba kyau," in ji ta.

Da dare ya cike tabon, ya goge da samfefa,
ya sake shafa rawaya, launin bai zo daidai ba,
duk mai ido zai gane an yi faci.
Ƙananan sojojin roba biyar
ya bar su a ledarsu, ko yankewa bai yi ba.
Murfin sama ya bari a buɗe, iska ta shiga.

Da safe, kafin ruwan shayi ya tafasa,
ya tarar da ɗan gutsuren cuku
an ajiye a hankali daidai bakin igwa.