Shafi Na Ɗari Huɗu Da Sha Tara

Ɗinki nake yi, amma ba na tufa ba.
Takarda nake ɗinkewa a Eriya Goma,
inda janareta ke tari tun hantsi
har bayan an sallame isha'i.

Duk ƙarshen shekara sukan zo da shi a bayan mota,
kwali-kwali, da ɗuminsa kamar burodi:
kasafin kuɗin ƙasa.
Oga Okon ya ce, "Tanimu, kwafi sittin kafin asuba,
bango kore, rubutun zinare,
kada gam ya taɓa lamba ko ɗaya."
Na ɗaga guda, ya fi turmin Ladidi nauyi.

Ni karatuna bai yi nisa ba,
amma mai jera shafi dole idonsa ya sauka.
Sifili na bin sifili
kamar ƙwai a kiret,
na ƙirga tara, na ƙirga sha biyu,
yatsana ya gaji, layin bai gaji ba.

Ga kuɗin shayin baƙi.
Ga na yankan ciyawa.
Ga sababbin motoci, don na bara sun ga damina ɗaya.
Ga wani kaso can, tsaye kamar Dutsen Zuma,
na biyan ruwan bashin da aka ciyo
ba a tambaye ni ba,
an dai rubuta sunan jikokina a wurin biya.

Sai shafi na ɗari huɗu da sha tara.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
gyaran asibitin unguwarmu, bayan Karshi,
rufi da rijiyar burtsatse.
Na san layin nan kamar yunwar cikina.
Shekara biyar ina ɗinke shi.
Har waƙafin da aka jefa inda bai dace ba
yana nan inda na bar shi.
Kuɗin ne kawai ya yi ƙiba.

A asibitin nan aka haifi Hansatu,
ungozoma na cije da fitilar waya,
ruwan sama na ɗiga a bokiti uku.
Bana Hansatu ta fara riƙe fensir.
Bokitin sun zama bakwai.

Kada wani ya ce ban zuba ba.
An cira a katin waya,
an cira ranar da na tura wa Inna kuɗin magani,
an cira a sabulu, ban ma ji ba.
Ladidi kan yanki tikiti kowace safiya
a kan tiren awara, tun ba ta yi cinikin fari ba.
Adashi ne, na yarda.
To, wane irin adashi ne wannan,
zubi na zagayowa kullum,
kwasa ta ɓata hanyar gidanmu?

Ƙarfe uku na dare, Oga ya yi barci a kan kujera.
Na ɗauki kwafin farko,
na naɗe kusurwar shafin, ɗan kaɗan,
yadda in babba ya buɗe, nan zai faɗa.
Na yi wa na biyu. Na yi wa sittin ɗin duka.
Ban san ko suna buɗewa ba.
An ce wasu hoto kawai suke ɗauka da shi.

Da gari ya waye mota ta kwashe su zuwa Majalisa.
Ni na hau bas, kwandasta ya ce an ƙara ɗari biyu.
A aljihuna akwai shafukan da inji ya ɓata,
waɗanda Oga ya ce a zubar.

Ladidi ta karɓa, ba ta duba ba,
ta yaga, ta ƙunsa wa wani ɗan acaɓa awarar ɗari uku,
ta barbaɗa yaji.
Ina tsaye ina kallo
mai ya ratsa sifili ɗaya bayan ɗaya
har suka yi haske.

Na ce a raina, to, madalla,
yau dai kasafi ya iso unguwarmu.