Hanyar Zobe

Allon bakin daji ya ce minti arba'in.
An zana keken jariri a kai,
an zana kare, an soke shi da jan layi.
Baba ya karanta, ya ja tsaki:
"Ni Tamihana, da na kwana a kan tsauni da ƙanƙara a gemu,
yau ni aka kawo wa hanyar 'yan tatata."
Ban tanka ba.
Na gyara wa Rawiri bargo a cikin kekensa.
Gwiwar Baba ta ƙarfe ce,
wata uku ke nan da likitocin Okland suka dasa ta.

A mashiga akwai buroshi da ruwan feshi,
kowa sai ya goge tafin takalmi
kada ya kai wa itatuwa cuta.
Awhina ta goge nata sau huɗu,
ta durƙusa ta goge na kakanta,
har da gindin sandarsa.

Muka shiga.
Ganye ya yi mana rumfa, rana na yoyo ta ramukansa.
Tsakuwa na ƙuras-ƙuras a ƙarƙashin taya.
Baƙin tsuntsun nan mai ƙullin auduga a maƙogwaro
ya yi kukan ƙyaure mai tsatsa,
sai kuma ya rikiɗe ƙararrawa.
Awhina ta amsa masa. Bai kula ta ba.

A kan gada ta ƙirga katako talatin da ɗaya,
ta ce ɗaya na motsi, sai an sake.
Baba ya jingina da dogari, wai yana duba ruwa.
Na san hutawa yake.
Amma da gaske akwai abin dubawa:
dogon kifi mai siffar igiya
ya fito daga ƙarƙashin dutse, ya leƙa mu, ya koma.

Gaba kaɗan hanya ta ɗan yi tudu,
tudun da ko kaza ba za ta kira hawa ba.
Nan gumi ya karyo masa.
Ya sami benci gaban wani tsohon itacen kauri
wanda mutum biyar ba sa rungume shi,
ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce:
"Ku mai da ni mota."

Awhina ta je ta karanto turken da ke gefe,
tana bin baƙaƙen da yatsa.
"Kaka, nan ne rabi.
In mun koma, kilomita ɗaya.
In mun ci gaba, kilomita ɗaya."

Shiru.
Wani ganye ya sauko a kan hular Rawiri.
Wasu mata biyu suka wuce a guje, suna gaisuwa da kai.
Baba ya daɗe yana kallon itacen,
wanda bai taɓa hawa tsauni ba
kuma ba wanda ya raina shi.
Sai ya yi dariya har da tari.
"Wanda ya shata hanyar nan ɗan wayo ne,
bai bar wa rago ƙofa ba."

Ya ba ni sandar.
Ya kama hannun keken da hannu biyu,
jariri na barci, tsoho na turawa,
ban san wa ke ɗauke da wa ba.

Awa biyu da minti goma
muka ɓullo inda muka shiga,
ga mota, ga buroshi, ga allon da ya yi mana ƙarya.
Shayin da na manta a kan bonet ya huce.
Muka sha shi haka nan, a tsaye.

Baba ya goge baki da bayan hannu,
ya waiwayi daji.
"Asabar mai zuwa," ya ce,
"ta ɗaya bakin za mu fara.
Ina so in ga bayan itacen nan."