Ƙarfen Taga

Ni mai walda ne, bayan layin dogo a Agege.
Shekara ashirin da biyu ina cin tuwo da tsoron jama'a:
ƙarfen taga, ƙyauren ƙarfe, sakata mai harshe uku.
Bana aiki ya ja baya a layinmu.
Injina na kwana da sanyi, kamar murhun gwauro.

A teburin Mati mai shayi aka baje zancen.

Kofur Jatau, wanda ya tuɓe kaki ya riƙe carbi,
ya ce, "Kirikiri ce, ba wani abu ba.
Bakwai aka kwashe a dare ɗaya,
washegari har kare ya yi barci da minshari."
Ban tanka ba.
Na huɗu a cikin bakwai ɗin nan, Talle ne, ƙanena,
kuma Kofur ya sani.

Shekarau mai tumatir ya ture kofi.
"Ciki ne, Kofur. Ciki.
Yaron da ya samu keke yana neman balas kafin magariba,
yaushe ya ga sararin haura katanga?
Kuɗin ma sun ƙaura cikin waya.
Fasa akwatina yau, rasit za ka tarar
da tsohuwar hula."

Sai wani ɗan jami'a, mai gilashi da ɗaurin zare,
ya ce shi a takarda ya gani,
wai a wata ƙasa an yi lissafi:
cikin da aka zubar shekaru ashirin baya,
'ya'yan da ba a shirya musu ba, ba su zo ba,
to ba su girma sun ɗauki wuƙa ba.

Cokalin Mati ya tsaya a cikin kofi.
Jirgin ƙasa ya wuce, muka bar shi ya yi mana magana.

Kande mai ƙosai ba ta ɗago kai ba.
Ni ne kusa da kaskonta, ni kaɗai na ji:
"Wanda bai sha iskar duniya ba,
da me suka gane ɓarawo ne?
Nawa da yanzu ya cika ashirin da uku.
Wa ya sani, ko da shi ke jan ku salla."
Ta juya ƙosai. Ɗaya ya ƙone.

Kowa ya biya kuɗin shayinsa, ya tafi da gaskiyarsa a aljihu.

Da hantsi Iya Risika ta kawo aiki,
na farko a mako biyu:
gadon jariri, jikanta na tafe.
Na yanka ƙarfe, na jera sanduna,
ban ko ɗauki ma'auni ba, hannu ya saba.
Sai da na ɗaga shi a rana na lura:
tazarar nan ce dai,
yatsu huɗu,
wadda Talle ke miƙo mini hannu ta cikinta.

Na shafa masa fenti shuɗi, har sau biyu.